Daga Nasarawan Doya Zuwa Gidan Gwamnati: Roƙon Marubutan Labaran Laifi da Bincike

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kaduna, Sanata Uba Sani,
ta hannun Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukumar Makarfi,
tare da sanar da Shugabannin Ƙananan Hukumomin Ikara da Kudan, da Hukumar Ɗakunan Karatu ta Jihar Kaduna.



Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa irin ta talaka ga shugabansa, da fatan Allah ya taya ka riƙo, ina rubuto wannan takarda daga Nasarawan Doya a madadin kaina da wasu 'yan'uwana maza da mata na ƙasar Makarfi da Ikara da Kudan, waɗanda muka riƙi rubutun ƙagaggun labarai a matsayin sana'a. Babu kamfanin ɗab'in da ya ɗauke mu. Mu ke rubutawa, mu ke biyan mai bugawa, mu ke talla, mu ke bin bashi. Abin da ya haɗa mu shi ne irin labarin da muka zaɓa: labarin ɗan daba da ɗan sara-suka, da mai ƙwacen waya, da dilan ƙwaya, da ɗan sandan da ke bin sawunsu, da uwar da ke zaune a bakin caji ofis tun safe tana jiran a ce mata ga abin da ɗanta ya yi. Masu karatu suna kiran su littattafan bincike. Kukanmu a kan hanyar da za su bi su isa hannun mai karatu ne, da kuma yadda ake kallon masu rubuta su.

Wani zai ce me ya haɗa mutumin ƙauye da labarin birni. Allah ya taimake ka, duk wanda ya san ƙasar nan ya san amsar. Da an kawar da amfanin gona, samarinmu sai su tsaya a Tashar Yari su tari mota, wannan ya yi Kano, wancan ya yi Zariya ko Kaduna, wani sai Abuja ko Legas. Su ne masu tura baron rake a bakin titi, su ne 'yan acaɓa da masu yankan farce da 'yan dako. Mafi yawansu suna dawowa da abin sayen taki da kayan sallah, cikin mutunci. Amma akan sami wanda zai dawo da jajayen idanu da sabon suna da abokan da ba a san asalinsu ba, akan kuma sami wanda labarinsa kawai zai dawo. Birni yana shigo mana har tsakar gida. Binciken da aka yi a kan shaye-shaye a Nijeriya a 2018, da hannun Majalisar Ɗinkin Duniya a ciki, ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, kuma a watan Mayun shekarar ne gwamnatin tarayya ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin. Waɗannan alƙaluma suna da fuskoki a unguwanninmu, mun san iyayensu, mun je sunan 'ya'yansu. Marubucin da ya tashi a nan ya ce ba zai taɓa wannan magana ba, to sai dai in ya runtse ido da gangan.

Duk da haka abin da muke sha daga bakin manya shi ne, "Ku ne masu koya wa yara iskanci." Malamin makaranta ya ga littafin a jakar ɗalibi ya ƙwace, uba ya ji 'yarsa tana rubuta labarin kisan kai ya ce ta fita daga idonsa. Ba na raina wannan tsoro, domin iyaye suna da hujjar jin tsoro a wannan zamani. Sai dai ina roƙon a waiwayi tarihin ƙasar Zazzau kafin a yanke mana hukunci, saboda abin da muke yi a nan aka fara shi, kuma hukuma ce ta fara shi.

A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya zaga garuruwan Arewa yana roƙon masu ilimi su rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, aka sa gasa. Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri. Kowa yana tuna Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Sauran biyun fa? Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo labarin ɓarayi ne da dabarunsu. Jiki Magayi, wanda John Tafida ya rubuta tare da East, labarin ramuwar gayya ne: mai kuɗi ya ƙwace wa saurayi budurwa, saurayin ya nemi asiri, ɗan da aka haifa ya tashi ɓarawo har ya kashe mahaifinsa. An shekara da shekaru ana karanta littafin nan a makarantu, ana yin jarrabawa a kansa, ba a taɓa jin wanda ya ce shi ya koya masa sata ba. Biyu cikin biyar na tubalan ƙagaggen labarin Hausa ke nan, kuma laifi ne ginshiƙinsu.

Haka aka sake yi a 1980, da Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ya sa gasar rubutu cikin harsunan gida. Daga cikin abin da aka buga a 1982 akwai Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda ya tona asirin 'yan fasa-ƙwauri da ma'aikatan da ke ɗaure musu gindi, akwai kuma Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, labarin gungun 'yan ta'adda da bindigogi da noman wiwi bayan yaƙin basasa. A ganina har yau ba a rubuta labarin ta'addanci da Hausa da ya kai na Gagare ɗaci ba, kuma wanda ya karanta shi a yanzu, da abin da ke faruwa a dazukanmu, sai tsigar jikinsa ta tashi. Gwamnati ce ta nemi a rubuta shi, ita ta ba shi kyauta, ita ta buga shi. Waɗancan shugabanni sun gane cewa al'ummar da ake ba ta labarin ciwonta ta fi saurin neman magani.

Abin da ya fi muhimmanci a tarihin nan, wanda kuma shi ne dalilin takardata, shi ne hukumomin wancan lokaci ba su tsaya a kan gasa ba, sun gina hanyar da littafi zai bi. An kafa Kamfanin Gaskiya a Tudun Wadan Zariya a 1945. Hukumar NORLA ta zo a shekarun yaƙi da jahilci, ta buga littattafai masu araha da jaridun larduna, irin su Bazazzaga ta lardin Zazzau da Himma ta Katsina da Sodangi ta Kano, ta riƙa tura su har ƙauyuka. A 1966 aka kafa kamfanin NNPC na ɗab'i, shi ma a Zariya. Marubucin wancan zamani aikinsa rubutu ne. Gyara da bugu da rarrabawa akwai masu yi.

Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, manyan kamfanoni suka koma kan littattafan makaranta, sai matasa suka ɗauki abin da hannunsu. Talatu Wada Ahmed da Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da ire-irensu suka buɗe babin da Farfesa Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa Adabin Kasuwar Kano. An fi saninsa da soyayya, amma a cikinsa ne Bala Anas Babinlata da Nazir Adam Salih suka nuna cewa labarin bincike da tashin hankali yana da masu saye. Tsarin kasuwar ba ɓoyayye ba ne. Marubuci ya rubuta a littafin makaranta, ya kai shagon kwamfuta, ya kai maɗaba'a, a buga a takardar jarida, a raba labarin kashi na ɗaya da na biyu da na uku don kuɗin kowane kashi ya buga na gaba. Sai ya ɗauki ɗaurin littattafansa ya kai wa dillalai a kasuwar Sabon Gari ta Kano, su karɓa bashi, sai an sayar a biya. Daga can ƙananan 'yan kasuwa su saro su kawo Zariya da kasuwannin ƙauye, masu bayar da haya su saya su riƙa ba matan aure na kwana ɗaya ko biyu. Tsarin yana da zalunci a ciki, don sau da yawa dillali ya fi mai littafi cin riba, amma dai hanya ce, kuma littafin da aka rubuta a Kano yakan iso Nasarawan Doya.

Wannan hanya ta toshe. Masana'antun takarda na Jebba da Oku-Iboku da Iwopin sun daɗe ba sa wadatar da ƙasa, takarda daga waje take zuwa, kuɗinta yana bin dala. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ta ƙara wa 'yan kasuwa rauni. Cire tallafin mai da sakin naira a 2023 suka ƙarasa abin da ya rage. Yau in ka buga littafi, farashin da zai mayar maka da uwar kuɗi ya fi ƙarfin mai karatunka, wanda shi ma yana lissafin mudun masara.

Sai muka koma waya, kamar kowa. A nan ne, ranka ya daɗe, nake roƙon a saurare ni da kyau, don nan ne ciwon yake. Yadda ake yi shi ne marubuci ya saki shafukan farko kyauta a Facebook ko Wattpad ko WhatsApp, in labarin ya kama mutane sai ya ce daga nan sai wanda ya biya. Mai so ya tura kuɗi ta banki ko katin waya, a sa shi a rukunin waɗanda suka biya, kullum a riƙa sakar musu shafi. Kafin labarin ya ƙare, wani daga cikin rukunin ya kwashe shafukan, ya haɗa su wuri guda, ya watsa. Da gari ya waye sai ka ga littafinka yana yawo a rukunonin da ba ka taɓa jin sunansu ba, mutane suna ta "a turo mana dokumen, kammalalle." Wani ya cire sunanka ya sa nasa. Wani ya canza sunayen taurarin labarin ya ce sabon littafi ne. Wani kuma ya zauna ya karance shi da murya, ya ɗora a YouTube, dubban mutane su saurara, kuɗin talla ya shiga aljihunsa, kai ko gaisuwa ba ka samu ba. Makamin da ya rage wa marubuci shi ne ya rubuta a saman kowane shafi cewa duk wanda ya karanta bai biya ba, bai yafe ba, Allah ya isa. Duk mai karanta littattafan Hausa a waya ya san wannan layi. Halinmu ya zama na manomin rake da ya shekara yana ban-ruwa, ranar sara ya tarar an riga shi, kuma a kasuwar garinsu ake sayar da raken yana kallo.

Labarin bincike ya fi kowane iri jin wannan sata, saboda jarinsa ɓoyon ƙarshe ne. Mai karanta soyayya yakan sake karantawa don daɗin zance ko da ya san wa aka aura. Mai karanta labarin kisa da ya ji wanda ya yi kisan, cinikin ya ƙare. Manhajojin da muka sa rai za su tsare mana haƙƙi ma ba su da tabbas: OkadaBooks, wadda aka kafa a 2013 kuma marubutan Hausa da yawa suka zuba littattafansu a cikinta, ta rufe a ƙarshen Nuwamban 2023.

Doka kuwa tana nan. Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka a watan Maris na 2023. Ta amince cewa littafi mallakar marubucinsa ne tsawon rayuwarsa da shekara 70 bayan rasuwarsa, ta kuma tanadi yadda mai haƙƙi zai aika sanarwa a sauke aikinsa da aka ɗora a intanet ba da izininsa ba. Na san wannan fage na gwamnatin tarayya ne, Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa ke kula da shi, shari'arsa kuma a Babbar Kotun Tarayya ake yi. Amma yarinyar da ke rubutu a Hunkuyi, wadda duk cinikin littafinta bai kai kuɗin ganin lauya sau ɗaya ba, ina ita ina Babbar Kotun Tarayya? Roƙonmu shi ne Ma'aikatar Shari'a ta Jiha ta ware mana lauya ko da guda ne, da rana sananniya a Zariya, wanda zai karɓi ƙorafin marubuta, ya rubuta musu sanarwar saukewa, ya haɗa su da hukumar tarayya, ya nuna musu yadda ake rajistar aiki. A kuma fassara muhimman sassan dokar da Hausa a karanta a gidan rediyon jiha, domin da yawa daga masu watsa littattafan nan ba su ɗauki abin sata ba, gani suke taimakon 'yan'uwa suke yi. In aka gurfanar da mutum biyu ko uku daga cikin masu cin kasuwa da guminmu, saura za su shiga taitayinsu.

Roƙo na biyu a kan ɗakunan karatu ne. Ba kyauta muke nema ba, ciniki muke nema. A sa Hukumar Ɗakunan Karatu ta Jiha ta riƙa ware wani kaso na kuɗin sayen littattafai kowace shekara don littattafan Hausa na marubutan jihar nan, kwamitin masana ya zaɓa, a saya a raba wa rassanta da manyan makarantun sakandare. Marubucin da ya san za a sayi kwafi ɗari biyu ko uku daga hannunsa zai iya shiga maɗaba'a da ƙarfin gwiwa, kuma zai yarda a gyara masa rubutu, don ya san akwai idon da zai duba. Sharaɗin shiga ya zama littafin yana da lambar ISBN daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa, an kuma ajiye kwafi uku da doka ta ce mai bugawa ya ajiye. Ta haka sai a yi maganin wata asara da ba a cika magana a kanta ba: dubban littattafan da aka buga tun daga shekarun 1980 sun ɓace, ko marubutansu ba su da kwafi, na waya kuwa da wayar ta faɗa ruwa shi ke nan.

Akwai wata buƙata da ta keɓanta da masu irin rubutunmu, kuma ba ta cin ko kwabo. Yawancin marubutan labarin laifi ba su taɓa shiga kotu ba. Abin da suka sani na shari'a daga finafinan Indiya da na Amurka suka gani. Shi ya sa za ka karanta littafin Hausa ka ga an kama mutum da safe, da yamma majistare ya yanke masa hukuncin kisa, ko ka ga lauyoyi suna jawabi ga taron masu taya alƙali hukunci, abin da babu shi a kotunanmu. Alhali tafiyar shari'ar gaske ta fi wannan ban tausayi da jan hankali: daga caji ofis zuwa takardar ƙarar farko, zuwa gaban majistare wanda ba shi da hurumin shari'ar kisa, sai a tura mutum gidan gyaran hali ajiya, a jira shawarar daraktan gurfanar da ƙara, wata ya bi wata, kafin a kai Babbar Kotu. A cikin wannan jira kaɗai akwai littafi goma. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a yi shari'a a bainar jama'a, amma talaka yana tsoron ƙofar kotu, in ya shiga da biro da takarda kuma sai a tambaye shi wa ya aiko shi. Muna roƙon a shirya mana zama lokaci zuwa lokaci da majistarori da kakakin rundunar 'yan sanda da jami'an hukumar NDLEA da na gidan gyaran hali na Zariya da ma'aikatan jiha masu kula da waɗanda shaye-shaye ya kama. Su bayyana mana dokar finalkod ta jiha da dokar tafiyar da shari'ar laifuka, waɗanda aka sabunta a 2017. Ribar ta hukuma ce. Matar da ta karanta a labari cewa beli a caji ofis kyauta ne, kuma ba a tsare mutum kwana da kwanaki ba a kai shi kotu ba, ta koyi abin da allon sanarwa bai koya mata ba.

Na san za a tambaye mu batun tarbiyya, kuma ya kamata a tambaya. A cikin masu rubutu a waya akwai waɗanda batsa suke sayarwa, sun fake da sunan labari. Akwai kuma mai zana ɗan daba kamar gwarzo, ya ba shi mota da mata da kirari, ya manta da gawar da ya bari a baya. Ba mu zo kare waɗannan ba. Amma mun ga abin da ya faru a Kano a 2007, lokacin da aka tara littattafan Hausa aka cinna musu wuta a gaban 'yan makaranta, daga baya hukumar tace finafinai da ɗab'i ta ce sai kowane marubuci ya yi rajista kuma an duba littafinsa kafin ya fita. Masu mutunci ne suka sha wahala, don su ke da suna da adireshi. Masu batsa kuwa waya ta zo ta ba su mafaka inda babu mai tacewa. Muna roƙon kada Jihar Kaduna ta bi wannan hanya ko da wani ya kawo shawararta. Abin da muke ganin zai yi aiki shi ne alamar shekaru a bangon littafi, a rubuta ƙarara cewa wannan na manya ne, da kuma kwamitin gyara na marubuta da malamai. Sashen Harsuna da Al'adun Afirka na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan kusa da mu, cike da masanan adabin Hausa, ga reshen jiha na Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya. Littafin da yake son shiga ɗakin karatun gwamnati ya bi ta hannunsu. Wanda ba ya so, tsakaninsa da dokar ƙasa, wadda dama ta hana batsa da ɓata suna. Ba sai an ce kowane labari ya ƙare da ɗan daba ya tuba ya tafi Makka ba. Mai karatu ba yaro ba ne, in aka nuna masa gaskiyar rayuwar nan, da yunwarta da tsoronta da yadda ubangidan siyasa ke yar da yaransa bayan zaɓe, shi da kansa zai yi wa kansa wa'azi.

Ga shaida daga 'yan'uwanmu masu rubutu da Turanci. Littafin Abubakar Adam Ibrahim, Season of Crimson Blossoms, wanda ɗaya daga cikin taurarinsa shugaban 'yan daba ne mai sayar da wiwi, ya ci kyautar adabi ta kamfanin NLNG a 2016, dala 100,000. Elnathan John, ɗan jihar nan, ya rubuta Born on a Tuesday a kan almajirin da ya faɗa hannun 'yan bangar siyasa, an karanta shi a ƙasashe da dama. Mun yi murna da su. Sai dai yaran da labaran nan suke magana a kansu ba za su iya karanta su ba, iyayensu ma haka. Mu ne muke rubutawa da harshen da ake yin abin a cikinsa, kuma mu ne ba mu da kyauta ba mu da rumfa.

Saboda haka muke roƙon jihar nan ta sa gasar ƙagaggun labarai ta Hausa duk shekara, da rukuni na musamman ga labarin laifi da bincike, kyautar kuma ta haɗa da buga littafin da rarraba shi, kamar yadda aka yi a 1933 da 1980. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta nuna yawan masu rubutu da ke ɓoye a cikin gidaje. Jihar da ta karɓi bikin littattafai na KABAFEST tun 2017, aka kuma fara bikin littattafan Hausa na HIBAF a cikinta a 2021, ba baƙuwar wannan harka ba ce. Abin da ya rage shi ne bukukuwan nan su san akwai marubuta a bayan Zariya. Muna kuma fatan wannan kuka zai kai kunnen Mai Martaba Sarkin Zazzau, Ambasada Ahmed Nuhu Bamalli, Allah ya ja zamaninsa, wanda mahaifinsa, marigayi Magajin Garin Zazzau Malam Nuhu Bamalli, ya yi aikin talifi a Zariya kuma shi ya rubuta Bala da Babiya. In fada ta sa albarka a gasar nan, uban da yake hana 'yarsa rubutu zai sake tunani.

Ga shugabannin ƙananan hukumominmu uku, abin da muke nema a wurinku ƙarami ne. A ba mu rumfa ɗaya a kasuwar Makarfi da ta Ikara da ta Hunkuyi, ba tare da kuɗin haya ba na shekarar farko, inda marubutan yankin za su haɗa littattafansu, mai saye ya gani da idonsa, wanda kuma yake son na waya a tura masa a nan take ya biya a hannu. A ba mu aron ɗakin taro na sakatariya sau ɗaya a zango, mu gayyaci ɗaliban manyan azuzuwan sakandare da malamansu na Hausa, a yi karatu a yi muhawara. In Gidan Rediyon Jiha ya ba da rabin sa'a a mako ana karanta labarin marubucin gida da izininsa, ana faɗin inda za a sami littafin, wannan talla ce da babu ɗayanmu da zai iya saye.

Ranka ya daɗe, mun san abin da ke gabanka yana da yawa, ga tsaro ga taki ga albashi ga hanyoyi, kuma ba mu ce a ajiye waɗannan a saurare mu ba. Muna roƙon a miƙa takardar nan ga Kwamishinan Shari'a da na Ilimi da shugaban Hukumar Ɗakunan Karatu, a sa mana rana a sakatariyar Makarfi ko a Zariya. Za mu zo da littattafanmu, na takarda da na waya, da hotunan shafukan da aka sace da inda aka ɗora su, domin a duba a ga irin abin da muke rubutawa kafin a yanke shawara.

Allah ya ƙara wa Mai Girma Gwamna lafiya, ya zaunar da jiharmu lafiya.



Naka mai biyayya,
a madadin marubuta masu buga littattafansu da kansu na ƙasar Makarfi da Ikara da Kudan,
Nasarawan Doya, Ƙaramar Hukumar Makarfi.